NA AMSA SUNAN DA BA NAWA BA

Shafi na 14

Duk abin da kuka rubuta a ƙasan shafin jiya na karanta. Wadda ta ce ba ni da zuciya, ban ji haushinki ba. Karanta na yau tukuna, za ki samu abin da ya fi wancan.

Ga sababbin zuwa. Sunana Kelera, 'yar tsibirin Moala ta ƙasar Fiji. Wata goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a garin Griffith, a wata ƙasar Turawa mai nisa da gida. A ɗaki na tara akwai Nonna Assunta, wato Kaka Assunta a yarensu, shekararta casa'in da ɗaya. Ciwon mantuwa ya kwashe mata Turancin da ta koya, ya bar ta da yaren ƙauyensu na Italiya. Tun watan Mayu take kirana Nunzia, ni kuma ina amsawa. Jiya mun tsaya a inda 'yarta ta turo ƙofa.

*

Mataji na hannuna na dama, na hagu kuma yana cikin furfurarta. Kullum kafin in taɓa kanta sai na ce "tulou", kalmarmu ta neman izini, don a gida ba a taɓa kan babba haka kawai. Ba ta san ma'anarsa ba, amma ta saba. Da ta ji sai ta sunkuyar da kai.

Matar da ta shigo doguwa ce, ta kusa sittin, tana jan akwati mai taya, ɗayan hannun kuma da damin furanni. Ko ba a faɗa ba na gane ta. Hotonta ne a bango, wanda nake gogewa duk Talata.

"Mamma."

Nonna ta ɗago ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa mai gyaran fanka. Sai ta lalubo gefen rigata ta riƙe.

Matar ta durƙusa a gabanta.

"Mamma, ni ce fa. Marisa. Jirgi biyu na shiga daga Perth."

Ta miƙa furannin. Nonna ta ture su suka zube a ƙasa, ta juyo ta cusa fuskarta a cikina, jikinta yana rawa.

"Nunzia! Nunzia!"

Da na yi shiru, da wataƙila komai ya tsaya a nan. Amma baki ya riga ya saba.

"Io, Nana," na ce, ina shafa bayanta.

Marisa ta miƙe tsaye a hankali.

"Me kika ce mata?"

"Ranki ya daɗe, a yarenmu ne. Io yana nufin na'am."

"A yarenta kuma yana nufin ni ce. Kin san da haka?"

Na dubi ƙasa. Furen da ya faɗi kusa da takalmina na zuba wa ido.

"Tambayarki nake yi. Kin sani?"

"Da farko ban sani ba."

"Daga baya fa?"

"Mai dafa abinci ta faɗa mini. A sati na biyu."

"Wato tun wane wata?"

"Mayu."

"Yau muna Yuli." Ta ciro gilashinta ta riƙe a hannu. "Nana kuma fa? Shi me yake nufi?"

Wannan kam na kasa faɗa, don a yarenmu haka muke kiran uwa. Ta gane da kanta.

*

A ofishin manaja, Misis Pryor, an ba ni kujera amma na kasa zama. A gida idan ka yi laifi a ƙasa kake zama, kai a sunkuye. A nan in ka zauna a ƙasa sai su kira maka nas. Sai na tsaya jikin bango, hannuwa a baya.

"Kelera, bin su a kan abin da suke gani ba laifi ba ne," in ji Misis Pryor. "Duk mukan yi. In Mista Doyle ya ce yau zai je shearing..." Ta tsaya, ta gyara. "In ya ce zai je askin tumaki, ba ma ce masa an sayar da gonar tun shekara ashirin."

"Ba shi muke magana ba," Marisa ta katse ta. "Uwata ta ture ni. Ni kaɗai ta haifa a duniya, ta ture ni ta rungumi ma'aikaciya." Ta juyo kaina. "Wace ce Nunzia?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, amma kina amsawa. Me kike nema a wurinta? Zobenta?"

"Misis Zanetti, don Allah..." Misis Pryor ta ce wa Marisa.

"Bari ta amsa. Me ke cikin aljihunki? Tun ɗazu kike dafe shi."

Na sa hannu na ciro, na ajiye a kan tebur.

Biskit ne guda biyu, an naɗe su cikin takardar goge baki, an murɗe bakin kamar alawa.

"Na karin kumallonta ne," na ce. "Takan ɓoye a ƙarƙashin matashi. In na ƙi karɓa ba ta cin abincin rana."

Marisa ta daɗe tana kallon ƙullin. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Ni ba ta taɓa ɓoye mini ko ɓarin lemo ba."

Misis Pryor ta jawo babban littafin da baƙi ke sa hannu a bakin ƙofa, ta buɗe.

"Abin da ya dame ni daban ne, Kelera. Lahadi ranar hutunki ce. Ga sunanki nan Lahadi bakwai a jere, daga sha biyun rana zuwa huɗu. Ɗaki na tara. Ba ki gaya wa kowa ba."

"Ba na yin komai. Zama kawai nake yi."

"Ba ki da 'yan uwa ne?" Marisa ta tambaya. "Ba ki da taki uwar?"

A nan ne na lura ƙofar ofis ba a rufe take sosai ba. A waje, da kwandon zannuwan gado a hannu, Nei Torika ce tsaye. Ƙanwar babana, wadda ta riga ni zuwa ƙasar nan da shekara uku, wadda ta sa sunana a takarda har aka ɗauke ni aiki. Ta ji Lahadi bakwai ɗin. Na ga lokacin da ta ji.

"Zan rubuta ƙorafi," in ji Marisa. "A rubuce, zuwa babban ofishinku. Kuma kada ta ƙara shiga ɗakin uwata."

Misis Pryor ta dube ni da tausayi. Ta sani, ni ma na sani, takardar zamana a ƙasar nan da sunan gidan nan take ɗaure.

*

Lokacin abincin rana na zagaya bayan ɗakin wanki, inda iskar injin busar da kaya ke fitowa da ɗumi. Nan nake fakewa tun da sanyi ya shigo. Daga wurin ba abin da ake gani sai layukan itacen inabi da aka yi wa aski, ƙasa shimfiɗe har ƙarshen ido, ko tudu ɗaya babu.

Nei Torika ta same ni. Ta zauna a kan bokiti, ta buɗe robarta. Dafaffen rogo ne da kifin gwangwani.

"'Yar Italiya, za ki ci rogo, ko sai an dafa miki taliya?"

"Nei, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. Ban san me mutanenku ke ci ba."

Ta gutsuri rogo ta tauna, tana kallona.

"Ina kika ce mini kina zuwa ran Lahadi bayan coci?"

"Bakin ruwa."

"Bakin ruwa." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan kwatar ban-ruwan gonaki da kike kira bakin ruwa. Na ce a raina, bar ta, yarinyar teku ce, ta je ta kalli ruwa ko na kwata ne. Har tausayinki nake ji. Ashe kina can kina tsefe kan uwar wasu."

"Da farko can nake zuwa."

"Wayarki fa? Ina take daga sha biyu zuwa huɗu?"

Na yi shiru.

"Kelera, ni ba Baturiya ba ce da za ki yi mini shiru in ce kina da ladabi. Ina wayarki take?"

"A cikin akwatin ajiya. A kashe."

Ta rufe robar abincin.

"Kin san inda ake samun sabis a ƙauyenmu."

"Na sani."

"Faɗa mini, na manta."

"Tudun makaranta."

"Tudun makaranta. Kin san ciwon gwiwar uwarki."

"Na sani, Nei."

"Lahadi bakwai matar nan tana fitowa daga sujada, ko kayan coci ba ta cirewa, ta goya 'yarki Unaisi ta hau tudun nan. Ta tsaya a rana tana danna waya. Yaran makaranta har sun sa wa dutsen da take zama suna. Ta kira, a kashe. Ta jira, ta sake kira, a kashe. Sai ta sauko. A ƙauye an fara cewa kin samu miji Bature. Wasu sun ce kin shiga shaye-shaye. Matar mai wa'azi ta sa an yi miki addu'a a bainar jama'a, da sunanki da na ubanki."

Na rufe fuskata da hannu biyu.

"Buɗe fuskarki. Ni na kawo ki. Ni ake tambaya. Sati uku ina yi musu ƙarya, ina cewa an canja miki ranar hutu. Yau na ji gaskiya a bakin ƙofar manaja, da kwandon wanki a hannuna, kamar baƙuwa. Me uwarki ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To 'yarki ce ta yi miki? Yarinya 'yar shekara huɗu?"

Da ta faɗi haka sai abin ya ɓalle mini. Na durƙushe jikin bango.

"Ba ta san ni ba, Nei."

"Wa?"

"Unaisi. Ranar da muka yi waya ta ƙarshe, Nana ta juya mata fuskar wayar ta ce, zo ki gaida mamanki. Ta leƙo ta kalle ni. Sai ta ɓuya a bayan zanen Nana ta ce wa kakar tata, Bubu, matar cikin waya ta dawo. Haka ta ce. Matar cikin waya."

Nei Torika ta sauke robar a ƙasa.

"Na yi dariya. Nana ma ta yi dariya. Na ce ai yara haka suke. Ina kallon bayansu, ga itacen mangwaron makaranta, ga rufin cocinmu a ƙasa, ga teku. Har ƙarar zakara ina ji. Da aka kashe wayar sai na ga ina zaune a ɗakin nan namu mai warin hita, da safa biyu a ƙafa. Kwana uku ban iya haɗiye abinci ba. Ranar Laraba na zuba wa Mista Doyle shayi a cinya. Na ce a raina, Lahadi mai zuwa ba zan iya ba, bari in huta sati ɗaya. Da Lahadin ta wuce sai na rasa me zan ce na yi. Ta biyu ta wuce, abin ya ƙara nauyi."

"Sai kika tafi ɗaki na tara."

"Ita in na shiga fuskarta washewa take yi. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa jirana. In na gaida mutum a hanya sai ya duba bayansa ya ga da wa nake. Ita tana jirana. Tana yi mini yarenta, ina yi mata namu, ba mai jin wani, amma muna hira har awa huɗu. Ina ba ta labarin Moala. Ina gaya mata sunan kowane kifi."

"Kina kiranta Nana."

"Ina kiranta Nana."

Nei Torika ta ja dogon numfashi. Ta ciro wayarta daga cikin riga.

"Shekarata ta farko a nan, a banɗaki nake cin abinci don kada su ga ina ci da hannu. Kina ji? Ba ke kika fara kewar gida ba. Amma ni ban bar tsohuwa a kan dutse ba." Ta danna wayar. "Wannan saƙon murya ya shigo ran Lahadi. Ban so in sa miki ba. Yanzu kam sai kin ji."

Iska ce ta fara fitowa, iskar kan tudu. Sai muryar Nana, tana haki.

"Torika, ni ce. Ki gaya wa Kelera kada ta damu, mun san aiki ya yi mata yawa. Kada ki yi mata faɗa. Ni hawan tudun nan ma don ƙafata nake yi, nas ta ce in riƙa motsa ta. Ki tambaye ta ko tana da rigar sanyi mai kauri. Una, zo ki ce wani abu. Zo mana. To, ta gudu. Shi ke nan, Allah ya tsare ku."

Da zagina ta yi, da na samu inda zan tsaya.

"Ba ni wayar in kira."

"Yau Alhamis. Wa zai hau miki tudu?" Ta mayar da wayar cikin riga. "Ki jira Lahadi kamar yadda take jira. In ma kina da aiki zuwa Lahadin."

Ta tura mini robar rogon da ƙafa.

"Ci. Mai kuka ma da ƙarfi take yi."

*

Wajen ƙarfe biyu ina ninke tawul aka buɗe ƙofar ɗakin wanki. Marisa ce. Kwalliyar idonta ta zubo, ta goge ba ta gogu duka ba.

"Ta ƙi cin abinci," ta ce. "Ta watsa mini miya. Awa biyu tana kallon ƙofa tana kiran sunan nan."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Daina ce mini ranki ya daɗe. Na kira ɗan kawuna a Melbourne, na kira tsohuwar maƙwabciyarmu. Ba wanda ya taɓa jin wata Nunzia a danginmu." Ta matso. "Me take gaya miki in kuna tare?"

"Ba na jin yarenta."

"Ni ina ji. Amma in ta gan ni sai ta rufe baki." Ta dubi tawul ɗin da ke hannuna. "Za ki shiga. Za ki amsa mata yadda kika saba. Ni zan zauna a bayan kujerarta inda ba za ta gan ni ba."

"Kin ce kada in ƙara shiga."

"Na san abin da na ce."

"Ba na so in ƙara yi mata ƙarya."

"Wata biyu kina yi don kanki. Yi sau ɗaya domina."

Na ajiye tawul na bi ta.

Kujerar Nonna mai dogon baya ce, tana fuskantar taga. Marisa ta cire takalmi ta lallaɓa ta zauna a ƙasa a bayanta. Ni na zagaya ta gaba na durƙusa. Daga inda nake ina ganin fuskokinsu duka biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

"Nunzia!"

Na dubi Marisa. Ta gyaɗa kai.

"Io," na ce. Kalmar ta yi mini ɗaci a baki.

Nonna ta kama fuskata da tafukanta masu sanyi, ta fara magana da sauri. Marisa ta riƙa fassara mini da raɗa.

"Ta ce ina kika shiga. Ta ce wata mata ta zo ta dame ta." Ta ƙara kasa kunne. "Ta ce kin rame."

Sai ta raɗa mini wasu kalmomi uku a yarensu, ta ce in maimaita, ma'anarsu ba ni labarin baya. Na maimaita yadda na iya. Nonna ta ƙyalƙyale da dariya, ta ja mini kunne.

"Ta ce kin manta yaren gida."

Dariyar ta ɗauke. Nonna ta saki fuskata ta kama hannuwana. Muryarta ta canja, ta koma ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a coci.

"Ta ce ranar da ta bar Italiya kina barci. Ta hana uwarta ta tashe ki. Shekararki uku."

Marisa ta tsaya. Ta dafa ƙasa da hannu. Nonna ba ta tsaya ba, dole Marisa ta ci gaba.

"Ta ce mijin da aka ɗaura mata aure da shi, hotonsa kawai ta gani kafin ta hau jirgin ruwa. Bai san da ke ba. An ce mata in ya sani zai mayar da ita. Ta yi niyya in ta zauna shekara biyu, ta haifa masa ɗa, sai ta faɗa masa a aiko a ɗauko ki."

Ni ma jirgin da ya ɗauke ni daga Moala da sassafe ya tashi. Ni ma na ce wa Nana kada ta tashi Unaisi daga barci. Ni ma shekara biyu na ce.

"Ta ce da farko duk wata tana rubuta wasiƙa a ɓoye. Sai wata shekara aka aiko mata hoto, yara mata uku a bakin rijiya. Ta duba, ta duba, ta kasa gane wacece ke a ciki. Kunya ta hana ta tambaya. Ta ce bari ta jira wata mai zuwa. Wata mai zuwa ta ce wata mai zuwa."

Hawayen Marisa na zuba a kan rigarta, ba ta goge ba.

"Ina da yaya," ta ce, ba da ni take ba. "Shekara hamsin da takwas ina cewa ni kaɗai ce."

Nonna ta jawo hannuwana ta ɗora a kan kanta, a kan furfurar nan da ba na taɓawa sai na nemi izini. Tana maimaita kalma ɗaya.

"Gafara take nema," in ji Marisa. "Ki amsa mata."

"Ba zan iya ba."

"Ki ce kin yafe."

"Ba ni aka yi wa ba. Ni ba ni da bakin yafe wannan." Muryata ta karye. "Ni irinta ce, ba irin Nunzia ba."

Marisa ta dube ni, ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Nonna ta ƙara matse hannuwana, ta ci gaba da magana, yanzu da kuka. Na jira fassara. Shiru.

Na leƙa. Bakin Marisa a buɗe yake, fuskarta ta yi fari fat.

"Me ta ce?"

Na matsa kusa da ita.

"Marisa, me ta ce?"

"Ta ce ba tafiyar take neman gafara a kai ba." Da ƙyar maganar ke fita. "Ranar da kika zo ce."

"Na zo ina?"

"Gidan gonarmu. Nan, bayan gari. Ta ce kin girma, kin shigo ƙasar nan da kanki, kin yi ta tambaya har kika gano gidan. Lokacin tsinkar lemo. Kina sanye da koren kwat. Babana yana zaune a teburin cin abinci. Ta fito ta gan ki, ta gane ki nan take. Sai ta juya ta ce masa mai tallar zannuwa ce, ta rufe ƙofa."

Ta ɗora hannu a ƙirji.

"Koren kwat," ta sake cewa. "Da manyan maɓallai."

"Ita ta faɗi maɓallai?"

"A'a." Ta girgiza kai. "Ni na buɗe mata ƙofar. Shekarata tara."

Ta manta da raɗa. Muryarta ta fito sosai, ta cika ɗakin.

"Da Mamma ta rufe ƙofa na zagaya ta baya na bi ta har bakin titi. Tana tsaye tana jiran bas. Ta tambaye ni sunana. Ta shafa mini kai. Sai ta yagi takarda ta rubuta inda take zaune, ta sa mini a aljihu, ta ce in ba Mamma in babana ya fita gona. Ta ce za ta jira amsa wata ɗaya."

"Kin ba ta?"

Marisa ta dube ni. Irin kallon da na yi wa Nei Torika ɗazu a bayan ɗakin wanki.

"Na ji tsoron duka, don an hana ni fita titi. Ban ba ta takardar ba."

Sai na ji hannuwan Nonna sun saki nawa.

Ta dafa hannun kujera, ta juya a hankali, ta leƙa bayanta. Ta dubi matar da ke zaune a ƙasa ba takalmi. Idanunta sun washe tas, yadda ban taɓa ganinsu ba tun da na zo gidan nan. Ta buɗe baki, da Turancin da kowa ya ce ta manta.

"Marisa," ta ce. "Wace takarda?"